Inda Ɓarnau Ya Tsaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da gwiwar taki. Ni lafiyata ƙalau. Ina ci, ina barci, ina zuwa shago. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, kujerun aro an mayar wa masu su, gidan ya koma girmansa na da, ko ma ya fi.

Na ga kiranki a waya, ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne. In na ɗauka sai an ce min ya haƙuri, ni kuma amsar ta ƙare min. Da kika zo ma ba mu samu zama ba, ke kina kicin kina wanke kofunan da aka riga aka wanke, ni ina ɗaki ana riƙe min hannu. Takarda ta fi min sauƙi. Dama tun ranar da muka yi kokawa a kan littafi guda a ɗakin kakarki, kakata tana ce wa yayarta, wato taki kakar, ta bar mu mu kashe juna, a takarda muke zancen karatu. Kuma wannan karon ni ce da aike.

Littattafai biyun da kika bar min suna kan firji. Na buɗe na mai binciken kisan nan, na karanta shafin farko, na sake karanta shi. Na san kowace kalma, amma ban san me suka taru suka ce ba. Na rufe. Kar ki ɗora wa littafin laifi, ni ce.

Ga wanda na ba direban bas ya kawo miki. Shi muke ciki ni da mutumin naki, Ɓarnau, kamar yadda kika raɗa masa. Kin san tsarinmu. In na dawo daga shago da ragowar aiki, kalmasa ko maɓalli, idona yana kan allura, shi kuma yana kujera yana karanta min da ƙarfi. Tun da muka yi aure duk littafin da na ce miki na karanta, da kunne na karanta shi. Wannan labarin wani tsoho ne mai fito, da kwalekwalensa da 'ya'yansa maza da surukarsa mai baki, ga shi ana gina gada kusa da su, wadda in an gama ta ba mai sake neman su. Akwai wata akuya da take bin tsohon cikin jirgi, ita ta fi ba ni dariya.

Ba mu ƙarasa ba. Yana hannun kujera yadda ya ajiye shi, na gaji da zagaye shi in ina shara. Ki karanta ki gaya min ko ya cancanci a ƙarasa. Ƙa'idarmu tana nan, kar ki gaya min ƙarshe. Ki riƙe min shi da kyau.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Gara

*

Gara,

Saƙonki ya iso. Direban har tagar ba da magani ya kawo min, ya tsallake layin marasa lafiya suna ta harararsa. Na gode Allah da kika ce kina ci, duk da na san cin naki. Mu nan lafiya lau. Gwiwa tana nan da halinta, kafin hadari ya haɗu ita take fara sanar da ni. Auta ta yi mura ta warke. A wurin aiki an kawo mana sabon shugaba mai son taro, kullum sai ya tara mu ya gaya mana abin da muka sani.

Na ji abin da kika ce kan karatu. Kar ki matsa wa kanki. Amma ni ban yarda ba cewa garar da ta cinye akwatin littattafan kakata tun ba ta iya ɗaurin zani ba, za ta ƙoshi da takarda har abada. Ki ajiye na kisan, nauyi gare shi. Ga wani siriri na sa miki, labarin wasu mata biyu da suka gaji kantin takalma, ba wadda ta san ko lambar ƙafarta. Ba darasin komai a ciki, shi ya sa na zaɓa miki shi. Ni kuma ina fama da na wani mai hawan duwatsu. Mutumin ya fi son kansa a kan dutsen, amma ina bin sa don in ga ko zai faɗo.

To, littafinku. Allah ya ji ƙan Ɓarnau, ya sa ya huta, amma wallahi da yana raye da sai mun yi ta. Me bawan Allahn littafin nan ya yi masa? Bango ya rabu da jiki, ɗinkin baya ya saki, ga tambarin gindin kofi a kan sunan marubuci, ga man inji da zanen yatsa a gefe. Dama na hannu ya saya a bakin titi, ya zo da ciwonsa, shi kuma mai gyaran firjin naki ya ƙara masa. Kin ce in riƙe miki shi da kyau, to na riƙe. Ban karanta ko layi ɗaya ba sai da na yi masa jinya. Ranar hutuna na shimfiɗa shi a tebur, na ɗinke bayan da zare, na sa gam, na yi masa riga da takarda mai kauri. Na bi shi shafi-shafi da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, da ƙyalle a tsakani, har wata ƙatuwar lanƙwasa da ya yi a can ciki, rabin shafi guda ya kifa kamar mai naɗe tabarma. Na danne shi da tukunyar gas ya kwana. Yanzu in kin gan shi sai kin yi masa sallama.

Na fara, kuma yana ja na. Surukar nan akwai baki, na san irinta a danginmu, ba sai na kama suna ba. Ban kai ga akuyar ba tukuna. In na gama zan ba ki hukuncina, ban da ƙarshe.

Ki riƙa buɗe taga. Ki ɗauki waya ko sau ɗaya in ji muryarki, na yi alkawari ba zan ce ya haƙuri ba.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya gwiwa, ya Auta. Ni lafiya. Na karɓi na masu takalman, yana kan firji tare da 'yan'uwansa.

Lanƙwasar da kika goge, a wane shafi take?

Nan ya tsaya. Ranar da yamma yana karanta min aka kira shi a waya kan firjin wani mai kanti. Ya ce da safe zai je, ya lanƙwasa shafin ya ajiye. Da safen ya je, kuma a bayan firjin ya faɗi. Ni ban taɓa buɗe littafin ba, ban san lambar shafin ba. Ban duba ba saboda na ɗauka tana nan, ba inda za ta.

Ba laifinki ba ne. Da na rubuta miki ɓaro-ɓaro. Na ɗauka na rubuta, sai da na zauna na tuno abin da na sa a takardar na ga ban faɗa ba. Haka nake kwanan nan, sai in yi magana a ciki in ɗauka ta fito.

A shago na karanta wasiƙarki. Na gama, na ninke ta na sa a aljihu, na ci gaba da kafa hannun riga. Telar da ke kusa da ni ta ce lafiya, na ce lafiya. Ban ji komai ba, Yaya, kuma shi ne abin da yake ba ni tsoro in na tuna. Kayan aikinsa ƙaninsa ya kwashe, tufafinsa an rabar, kujerar ma an ce in bayar na ce to. Duk ban hana ba. Shafin nan kaɗai ne na san shi ya bar shi da hannunsa, kuma ba wanda ya taɓa bayansa.

In kin tuna lambar ki rubuto min. In ba ki tuna ba ki ce ba ki tuna ba. Kar ki ƙirƙiro min don ki faranta min, zan gane.

Gara

*

Gara ƙanwata,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki muna da ita, ni da yara. Kwanciyar hankali kuwa tun da takardarki ta zo ban gan ta ba.

Ban tuna ba. Kin ce in faɗa miki gaskiya, to ga ta. A tsaye na karanta wasiƙarki a bayan kanta, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai da abokiyar aikina ta karɓi tagar, don na tsaya riƙe da kwalbar maganin tari ina kallon bango. Garin neman gira an rasa ido, kuma idon naki ne. Shekara da shekaru ina yi masa gori kan lanƙwasa shafi, ina aiko masa da ƙyallen sa alama yana goge hannu da shi. Da na ga waccan, raina ne kawai ya ɓaci irin na kullum. Ban tsaya na tambayi kaina me take yi a wurin ba.

Ga abin da na yi. Na kai littafin bakin taga, na riƙa ɗaga shafukan a rana ɗaya bayan ɗaya. Guga ba ta kashe tabo gaba ɗaya, in aka karkata takarda ana ganin layin. Har na yi murna, na ce wadda ta fi nisa ita ce tasa. Ashe waɗanda suka riƙe littafin kafin shi su ma 'yan gidan su Ɓarnau ne. Tabon lanƙwasa tun daga farko har shafin ƙarshe, manya da ƙanana, wani shafin ma biyu gare shi. Na aro gilashin ƙara girma a ɗakin gwaji na bi man injin yatsunsa, shi ma ya ƙare tun da wuri, ina jin ranar da kika yi masa faɗan wanke hannu. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne ta wuce tsakiya, ba ta kai ƙarshe ba. Tsakanin nan kuwa tafiya ce mai nisa.

Dabara ɗaya ta rage. Na gama littafin, yanzu na san shi ciki da bai. Ki gaya min abu na ƙarshe da kika ji, wa ke magana, a ina suke, ni zan nemo wurin.

Sai dai akwai wata magana, na juya ta na juya na rasa yadda zan faɗe ta da daɗi. Gara, babu akuya a littafin nan. Na karanta shi daga bango zuwa bango, na koma na bi shi da yatsa. Akwai kare a farko, ya mutu. Akwai kaji. Akuya ko ta wucewa babu. Na ce ko littafi biyu kika haɗa, amma duk sauran abin da kika faɗa daidai yake. Ina ganin irin haka a asibiti. Mutum ya yi babban rashi, barci ya ƙi daidaituwa, sai kai ya riƙa cakuɗa abin da ya faru da wanda bai faru ba. Ba abin kunya ba ne. Ki daure ki je ki ga likita, ko don hankalina ya kwanta.

Hukuncin da kika nema: ya cancanci a ƙarasa.

Yayarki, mai neman afuwa

*

Gara,

Ina fata kina lafiya, tunda ba ni da hanyar sani. Mu muna nan.

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, kullum sai ya buɗe min tafin hannu wayam ta taga. Damina ta shigo ta same ni ina jira. Na kira, waya tana shiga ba a ɗauka. Na kira matar ƙanin mijinki, ta ce tana ganinki kina fita shago kina dawowa, kin rame amma kina amsa gaisuwa.

In maganar likita ce, na janye ta. Ban ce kin taɓu ba, in haka kika karanta. In kuma shafin ne, ki zage ni a takarda, na fi son haka da wannan shirun. Littafin yana saman kwaba, ko ƙurar kansa ban ƙara gogewa ba, ni da kika sani. Ni ma karatun ya tsaya min. Mai hawan dutsen nan na bar shi a rataye, ko ya faɗo ko bai faɗo ba shi ya sani.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ki yi haƙuri da shiruna. Ya gwiwa da ruwan nan. Ni lafiya. Ban yi fushi ba, ban kuma je wurin likita ba. Tunanin akuya nake yi.

Da farko na yarda da ke. Na ce to, kan ma ya tafi, a haɗa shi da kujera. Amma ina kan keke ina ɗinka rigunan makaranta sai ta yi ta dawo min. Baƙa ce, kunnenta ɗaya fari. Tana tauna igiyar jirgi. Ta taɓa cinye takardar injiniyan gada yana tsaye yana bayani, ta ci gefen mayafin surukar ana tsakiyar ruwa. Na ce ni dai na san kaina, ko a lafiyata ba ni da basirar da zan ba akuya farin kunne.

Sai ran nan mai shagonmu tana min bayanin wani aiki, hankalina ya tafi. Ta ce, “In kin gama kuma ki ɗinka wa kifi wando.” Na ce to. Shago ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba, na tsaya da almakashi a hannu, don a lokacin na gane.

Haka yake min, Yaya. Duk sanda ya ga hankalina ya bar labarin ya koma kan allura, ko kan abin da za a dafa, sai akuya ta shigo. Yanzu na tuna, in tana ciki ba ya kallon shafin, ta saman littafin yake leƙo ni. Ina jin ranar farko don ya kama ni ya yi, ni kuma maimakon in gane sai na yi dariya na ce ina son ta. Shi ke nan ya rasa yadda zai yi da ita, ya ci gaba da kiwonta. Mutumin da ko saƙon gaisuwa sai ya ce in rubuta ya sa hannu. Ban san littafi nawa na ba ki labarinsu da ƙarin Ɓarnau a ciki ba. In kin taɓa jin na yabi abin da ba ki gani ba kika yi shiru, to ga dalili.

Kin ce in gaya miki abu na ƙarshe da na ji. Gaskiya ranar ban saurara ba. Ina fama da wani zif da ya ƙi zama, ina jin muryarsa kamar yadda ake jin fanka. Na san ana ruwan sama a labarin. Na san tsohon yana tsallaken kogi, ba gida ba. Ban da wannan ba abin da ya shiga sai akuya, don da ya ga na tafi sai ya kawo ta. Ya ce ta ƙi shiga jirgi, ta turje, tsohon ya ja ya ja ya gaji, ga ruwa yana ƙaruwa, sai ya ɗaure ta a jikin wata bishiya a tsallake ya dawo shi kaɗai. Na ce, “Haba, a ruwan nan zai bar ta?” Ya ce, “Ke dai yi ɗinkinki, gobe zai koma ya ɗauko ta.” Sai waya ta yi ƙara.

Abin da nake da shi ke nan, kuma mafi yawansa ba ya cikin littafin. Na san ba lallai ya yi miki amfani ba. In bai yi ba ki bar shi, ki aiko min da littafin haka nan.

Na masu takalman na ɗan taɓa. Ban yi dariya ba, amma kalmomin sun fara tsayawa wuri ɗaya.

Gara

*

Gara,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunki. Direban da kansa ya ɗago takardar yana kaɗa ta tun daga bakin ƙofa, kamar shi aka rubuto wa. Muna lafiya, gwiwa ma ta yi min rangwame.

Maganar likita ki yafe min, ni ya kamata in je. Kuma tunda an buɗe zancen, aku mai zagin kwastomomi da kika ce min akwai a littafin wanzamin nan, shekarun baya, na neme shi har na gaji. Na ɗauka ni ce na tsallake shafi, kunya ta hana ni faɗa. Allah ya ji ƙan Ɓarnau, duk ya yi wasa da mu.

Abin da kika rubuto ya yi amfani. Tsohon yana tsallaka kogin nan ba adadi, ruwan sama kuma marubucin ba ya rowarsa. Amma wuri ɗaya ne tak ya dawo shi kaɗai a jirgi. Ya kai fasinja tsallake, ruwa ya kece, kogi ya fara cika, masu jira a can suka ce ba za su shiga ba. Ya roƙe su, ya jira, ya gaji, ya turo jirginsa ba kowa. Mijinki bai ƙirƙiro turjiyar ba, a shafin ya same ta ya ba akuya. Na kai takardar bakin taga na karkata ta, sai ga layi ya ratsa rabin shafi, daga sama har gefe. Irin wannan aika-aikar mutum ɗaya na sani da ita. Ba zan dafa littafi in rantse ba, amma zuciyata ta zauna a kai.

Na lanƙwasa shi, Gara. A kan layinsa na bi, ban ƙara ba ban rage ba. Tunda nake ban taɓa yi wa littafi haka ba, sai da na ajiye na sake ɗauka kafin hannuna ya yarda. Na san ba tasa ba ce, tawa ce a gurbin tasa, iyakar abin da zan iya ke nan. Rigar da na yi masa ma na cire, tambarin kofin yana nan yadda yake.

Ga shi na ba direba, na ce in ya jiƙa shi kar ya sake bi ta ƙofar asibitin nan. Ƙa'ida ta hana ni cewa komai kan abin da ke gaba, kuma yau ce rana ta farko da na ji haushin ƙa'idar. Ki dai ci abinci kafin ki fara.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Lafiyata ƙalau. Littafi ya iso a bushe, ki bar direba ya ci gaba da bi ta ƙofarku.

Wurin ne. Na buɗe a lanƙwasar, na koma baya kaɗan, na ga inda tsohon yake ce wa masu jira kogin ya san shi ya san ubansa. Na ji wannan. Da muryar da yake yi wa tsohon na ji shi, wadda yake sauke haɓa ya ƙanƙance ido. Na gode. Kar ki ƙara neman afuwa, kin biya.

Daga nan na ci gaba da idona. Na ɗauki kwanaki, ina karantawa in na dawo daga shago kafin rana ta faɗi, a kujerar, don na ce wa ƙanin nasa na fasa bayarwa. Ashe marubucin yana da dogon bayani kan bishiyoyi da gajimare, ban taɓa sani ba, mutumin naki tsallake su yake yi. Ni na karanta su duka tunda ba mai tsallake min.

Kin yi gaskiya, ya cancanci a ƙarasa. Yanzu da na gama ƙa'ida ta faɗi, muna iya magana. Na ji daɗin yadda surukar ta juya ta zama ita ce mai jinyar tsohon bayan ruwan nan ya kwantar da shi. Ban ji daɗin babban ɗan ba, an yi saurin shiryar da shi. Sayar da jirgin da suka yi yana kwance bai sani ba, da buɗe gadar da ya jiyo kiɗanta ta taga, duk sun zauna daidai. Da Ɓarnau ne zai ce ƙarshen ya yi sanyi, ya ƙara masa gishiri. Ki aiko min da wani mai kauri in kin samu. Na mai hawan dutsen ma ina so in kin sauko da shi.

Sai dai ga yadda na karanta namu littafin. Na san babu akuyar a ciki. Ke kin faɗa min, ni ma na gane da kaina. Amma duk shafin da na juya ina duba ko tsohon zai tashi ya koma tsallake. Da ya ɗan samu sauƙi ya fito ƙofar gida na ce yanzu ne. Da ya tambayi ina jirginsa na ce yanzu ne. Har layin ƙarshe bai sake tsallaka kogin ba. Na gane abin da ya sa kika ce in ci abinci.

Na rufe littafin na ajiye a hannun kujera. Ban ji komai ba, kamar kullum. Na tashi na ɗora ruwan zafi, ina tsaye ina jiran ya tafasa, sai na ji bakina ya ce, “Ba wanda ya kwance ta.” Daga nan ban san yadda aka yi ba, na ga kaina zaune a ƙasan kicin. Abin da bai zo ba ranar da aka kawo gawarsa, bai zo ba da gida ya cika, bai zo ba da aka kwashe kayansa, shi ne ya zo. Har ruwan ya ƙone a tukunya.

Maƙwabciyata ta jiyo kukana ta katanga ta shigo da gudu, hannunta duk kumfar wanki. Ta ce me ya faru, wa ya rasu kuma. Na ce akuya ce aka bari a ɗaure cikin ruwa. Ta ce, “Au, dama kina da akuya?” Na ce ina da ita. Ta ce to ai abu mai sauƙi ne, in faɗi inda take a je a kwanto ta. Na ce wanda ya san wurin ba ya nan.

Ƙanwarki,
Gara